Yadda Za a Tattauna Ƙarfin Jiki da Masu Wankin Ƙoda

Ma'aikacin jinya kan duba nauyi da hawan jini, amma sau da yawa a manta a tambayi abin da majinyaci ke iya yi da jikinsa a gida. Wanda ke zama kan na'ura kusan awa 4, sau 3 a mako, tsokarsa na zubewa a hankali, ga ƙarancin jini da ke ƙara masa kasala.

Kada a tsaya a kan "ya jiki?", domin amsar kullum "da sauƙi" ce. A jawo kujera kusa da shi, a tambaye shi dalla-dalla: "Baba, kuna iya ruku'u da sujada, ko a zaune kuke salla yanzu? Kuna tashi daga tabarma ba tare da an kama ku ba?" Hajiya kuwa a ji ko tana iya tsuguno da tuƙa tuwo. A ganina irin waɗannan tambayoyi sun fi fito da gaskiya idan an keɓe, saboda dattijo ba ya son bayyana rauninsa a gaban 'ya'yansa.

Daga nan a sa shi ya riƙa tashi yana zama a kujera tsawon daƙiƙa 30, a ƙirga, a rubuta, a maimaita bayan wata guda. A tambaye shi ko ya taɓa faɗuwa, ko jiri na ɗibarsa bayan wanki. Sannan a tsayar da buri ɗaya ƙarami tare da shi, kamar tattaki zuwa masallaci ranar da babu wanki, a kuma gargaɗe shi kada ya ɗauki kaya mai nauyi da hannun da aka haɗa masa jijiyar wanki.