Yadda na rage wa Marsandina ihu a kan babbar hanya

Marsandi 200 ce, ƙirar W123, gadon mahaifina, shi ya sa nake lallaɓa ta. Matsalarta ɗaya: da na hau hanyar Kano zuwa Zariya, ina kilomita 100 a giya ta huɗu, sai inji ya yi ta ihu yana juyi kusan 3,400 a minti, mai kuma na tafiya kamar an huda tanki.

Bakanikena ya kwanta ƙarƙashinta, ya kankare dattin bak-aksul (akwatin giyar da ke juya tayoyin baya) da wuƙa, lamba ta fito: 3.92. Wato a giya ta huɗu, sai inji ya juya kusan sau huɗu kafin tayar baya ta juya sau ɗaya. "Alhaji, a nemo na 300D," in ji shi. Muka samo na Marsandi 300D ɗin a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, mai lamba 3.46, muka zuba masa sabon mai, muka ɗaura.

Juyin ya sauko wajen 3,000. Yanzu har rediyo nake ji, zafin inji ya ragu, ga sauƙin mai. Amma ta ɗan yi nauyin tashi, a hawan Jos kuwa dole in koma giya ta uku da wuri. Mitar gudu ma tana rage lissafi: in ta nuna 88, ina kan 100.