Murfin kwalba wajen koya wa yara lambobin ƙasa da sifili

Iyaye da malamai, idan lambobin ƙasa da sifili sun rikita yaro, ku tara murafen kwalba kala biyu. Ja ya zama -1, fari ya zama +1. Ƙa'idar ɗaya ce: ja da fari in sun haɗu sun cinye juna, sifili ke nan, sai a ture su gefe.

A ce 5 + (-8). Yaro ya jera farare 5 da jajaye 8, ya haɗa su biyu-biyu. Jajaye 3 za su rage, amsa -3. Sai a gwada (-4) + (-2), ya ga babu abin cinyewa, jajaye 6 ne kawai.

Kada ku yi saurin sa shi haddar doka, ku bar hannunsa ya gano. In babu murafe, wake da gyaɗa sun wadatar, sai dai gyaɗar ba ta kai ƙarshen darasi.