Yadda ake zaɓen sabuwar a-kori-kura wadda ba ta karya baya a hanyoyin Damagaram

Shekara biyu da suka wuce na ɗauki Baba zuwa Tanut gaisuwar rasuwa, a cikin wata dubul-kabin ta aro, wato a-kori-kura mai ƙofa huɗu. Motar sabuwa ce fil, ko ledar kujeru ba a cire ba, bayanta kuma wayam, ba ko buhu ɗaya. Shi ya zauna a kujerar baya saboda ya fi son nan. Da muka dawo gida sai da aka kama shi ya sauka, kwana biyu yana salla a zaune. Abin da ya ce mini kawai shi ne: "Ɗana, ranar da Allah ya hore maka taka, ka sayi wadda tsoho zai iya shiga." Wannan magana ita ta sa na shafe watanni ina leƙen ƙarƙashin motoci kafin in fid da kuɗina, kuma abin da na koya ne zan shimfiɗa a nan.

Mataki na farko: ka san aikin da za ta yi maka

Zauna ka lissafa tafiyarka ta wata guda. Kwana nawa kake kan kwalta, hanyar Maraɗi ko ta Matamai zuwa Kano? Kwana nawa kake cin kasuwannin ƙauye ta kan jar ƙasa da rairayi? Mafi muhimmanci kuma, sau nawa bayan motar ke cike da kaya, sau nawa yake wofi?

Dalilin tambayar shi ne, a-kori-kura ba don jin daɗi aka fara ƙera ta ba. Gangar jikinta tana zaune ne a kan shasi mai kama da tsani, ƙafafun baya kuma a kan jerin ƙarafan nan da makanikanmu ke kira lam, mutanen Kano su ce sifirin. An ƙera su su ɗauki kusan tan guda. In ka ɗora mata buhun gero takwas, ƙarfen ya samu abin da zai danne shi, sai ta tafi luwai. In ba kaya, ƙarfen bai lanƙwasa, duk ramin da taya ta faɗa a ƙugun na ciki zai ƙare. Saboda haka mai jigilar siminti kullum da mai kai iyali Magarya ranar Juma'a ba mota ɗaya ya kamata su saya ba, ko da kuɗinsu ɗaya.

Mataki na biyu: ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta

Mai sayarwa zai ja ka wajen allon rediyo da kyamarar baya. Bar shi ya gama, sannan ka zaga ka tsuguna wajen tayar baya. A nan daɗin mota ko wahalarta yake.

Toyota Hilux, wadda ta fi kowace yawa a garin nan, lam gare ta a baya, gaba kuma murɗaɗɗen sifirin ne, kowace ƙafa tana motsi ita kaɗai. Samfurinta na takwas ya fito a 2015, a 2020 kuma kamfanin ya ƙara wa lam ɗin tsawo, ya sake saita amortisa, wato shokazoba, don rage tsalle idan ba kaya. Wanda ya shiga ta 2017 ya kuma shiga ta 2021 zai ji bambancin a jikinsa. Isuzu D-Max da Mitsubishi L200 su ma tsarin lam ne.

Nissan Navara ta bi wata hanya. Yawancin masu ƙofa huɗu na samfurin da ya fito tun 2014 murɗaɗɗen sifirin ne a bayansu, irin na ƙananan motoci. In babu kaya tana da taushi ƙwarai. Na farko-farkonsu an yi kuka da su cewa bayansu na zaunawa idan an lafta musu nauyi, har kamfanin ya sake gyara sifirin ɗin. Kuma ba duk Navara ce haka ba, akwai masu lam, shi ya sa na ce ka leƙa da idonka. Ford Ranger ta 2022 lam ce, amma an fid da amortisanta na baya waje da shasi, kuma tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya ta kai milimita 3,270, alhali ta Hilux 3,085 ce. Gwargwadon tsawon wannan tazara, gwargwadon raguwar sukuwar da mota ke yi gaba da baya.

Sai Land Cruiser 79, uwar ɗakin masu shiga daji. Ina girmama ta. In hanyarka Tasker ce ko can bayan Agadas, ba ni da bakin hana ka. Amma gabanta ƙarfe ɗaya ne miƙaƙƙe ya haɗa tayoyin biyu, abin da ya bugi ta dama sai ta hagu ta ji, bayanta kuma lam ne masu kauri. Juriya gare ta, ba taushi ba. Mutane da yawa suna sayenta don suna, alhali tafiyarsu ba ta wuce Zango zuwa Kasuwar Dole, su yi ta shan jijjiga a banza.

Mataki na uku: tayoyi

Nan ne mutane suka fi yin asara da kuɗinsu. Mota mafi tsada a jerin takan zo da manyan janti, wato ƙarfen da ake sa taya a kansa, masu walƙiya, inci 18 ko ma 20, taya kuma siririya. Kyan ɗan maciji ke nan. Karanta lambar da ke jikin tayar. Idan ka ga 265/65 R17, tsayin robar daga janti zuwa ƙasa kusan milimita 172 ne. A 265/60 R18 ya koma 159. A 265/50 R20 bai wuce 133 ba. Robar nan da iskar da ke cikinta su ne katifar farko tsakaninka da hanya, kafin a zo ga sifirin. Ga hanyoyinmu ni inci 17 nake zaɓa, ko 16 in akwai, domin ban da taushi, ba ta saurin fashewa a bakin rami, kuma ta fi sauƙin samu a kasuwa.

Duba kuma ko akwai haruffan LT a jikinta. Irin wannan tayar gefenta mai tauri ne, ta kaya ce, tana jure ƙaya da duwatsu amma tana ƙara jijjiga. Akwai kuma lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT a jikin tayar: biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekara. Mota tana iya zama sabuwa amma ta daɗe a rana a tashar jirgin ruwa, tayoyin su faɗa maka gaskiya.

Mataki na huɗu: shiga ciki, ka fara da kujerar baya

Kusan kowa wajen direba yake nufa. Kai ka fara da baya, wurin Hajiya da yara da tsofaffi. Kujerar bayan dubul-kabin tana dab da ƙafafun baya, ita ke shan duka fiye da kowace. Sa a gyara kujerar direba daidai tsayinka, sannan ka zauna bayanta. Gwiwarka na taɓa ta? Majinginar a miƙe take ƙyam kamar bango, ko ta ɗan kwanta? Cinyarka tana kan kujera, ko gwiwoyinka sun tashi sama kamar mai zaman tabarma? Minti biyar ba za su nuna maka ba, zauna kwata guda kuna hira. Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, yini guda cur mutum zai yi a wurin nan.

Sannan kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki. A watan Afrilu da Mayu zafin Damagaram yana haura digiri 40, to da azahar za ka gwada ta, bayan motar ta sha rana, ba da sanyin safiya ba. Ka tabbata akwai kafar iska ta mutanen baya, don motoci masu sauƙin kuɗi da yawa ba su da ita. Ka tambaya ko akwai matatar ƙura ta cikin ɗaki, ka sa a buɗe ka gan ta, saboda hunturu. Kujerar yadi ta fi ta fata sauƙin zama a zafinmu. A wajen direba kuma, ka ga ko sitiyarin yana jawuwa gaba da baya, ba sama da ƙasa kaɗai ba.

Mataki na biyar: gwaji a kan hanya

Wannan shi ne zuciyar al'amarin, jiki magayi. Matsalarmu a nan ita ce manyan wakilan kamfanoni, irin CFAO mai kawo Toyota, a Yamai suke, zagayen da za su bar ka ka yi kuwa kan kwalta mai laushi ne, inda kowace mota sarauniya ce. Abin da na yi shi ne, na nemi masu irin motocin da nake so a cikin gari, na roƙi wasu, na yi hayar wasu na rabin yini na zuba mai. Kuɗin da ka kashe a nan bai kai ƙwayar abin da za ka kashe a kan motar ba.

Hanya ɗaya za ka bi da kowace, don ka samu abin kwatantawa. Kafin ku tashi ka tsaya wajen mai faci a daidaita iska da abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba. Fara da cikin gari: titunan dutse, tudun rage gudu, da lungunan Birni, don ka ga yadda abin da ya haura mita 5 yake juyawa. Sai ka ɗauki hanyar Mirya ka saurari ƙarar inji da ta iska a gilashi, rediyo a kashe. Idan sai ka ɗaga murya na baya zai ji ka, to tafiya mai nisa za ta gajiyar da kai ko da kujerar auduga ce. Daga nan ka sauka daga kwalta ka nemi jar hanya mai gargada.

A kan gargada abu uku nake lura da su. Idan motar ta haye tudu, sau ɗaya take tashi ta zauna, ko tana ta lilo sau biyu sau uku? Mai kyau sau ɗaya ne. Idan ka kai gudun kilomita 50 zuwa 60, bayanta yana bin gabanta, ko yana zamewa gefe kamar akuyar da ake ja da igiya? Wannan ba maganar jin daɗi kaɗai ba ce, ta rai ce, a haka motoci marasa kaya ke kifewa a kwana. Na uku, sitiyarin yana karkarwa har cikin kafaɗarka? Nakan ajiye gorar ruwa rabi a wurin ajiye kofi. A wata motar ruwan rawa kawai yake, a wata har kumfa yake yi.

Ka yi wannan zagaye sau biyu. Na farko ba kaya. Na biyu ka jefa buhu uku na gero a baya, irin mai tiya arba'in, kusan kilo 300 ke nan, ka tura su can jikin kan motar su zauna bisa ƙafafun baya ko gabansu kaɗan. Za ka sha mamakin yadda mota mai tsalle ke natsuwa. Sannan ka ba wani tuƙi, ka koma baya a maimaita. In da hali ka tafi da wanda zai riƙa zama wurin. Ni na tafi da uwargida, ita ce ta ce mini a mota ta biyu: "Malam, wannan kam ko minti goma ba zan ƙara ba," tun kafin ni in ji komai a gaba.

Mataki na shida: inji, mai, da wanda zai gyara

Taushin mota ba shi da amfani in tana kwance a gareji ana jiran kaya daga waje. Tun 2011 muna da matatar man SORAZ a hanyar Tanut, mai tace ganga 20,000 a rana, gazwal bai yi mana nisa ba. Amma a ƙauye wani lokaci sai na kwalba za ka samu, mai ƙura da ruwa. Injinan zamani, irin masu lita 2.4 da 2.8 na Hilux ko 1.9 da 3.0 na D-Max, sun fi shiru da ƙarfi, sai dai ba sa yafe gurɓataccen mai, gyaransu kuma sai da kwamfuta. Tsohon injin 3.0 da ake kira 5L, wanda Toyota ta daɗe tana sa wa motocin Afirka, yana da ƙara kuma ba shi da gudu, amma kowane makanike ya san cikinsa. Ka guji motar da aka ƙera don Turai, mai matatar hayaƙi da tankin AdBlue, ruwan rage gubar hayaƙi. Ka nemi wadda aka tsara don ƙasashe masu zafi da ƙura, mai matatar da ke raba ruwa da mai. Giya mai canza kanta tana hutar da ƙafa a cikin gari. Kat-kat kuwa, wato jan da tayoyi huɗu ke yi tare, in kana shiga rairayi ko laka da damina, ba abin sassautawa ba ne.

Kafin ka yanke shawara, je wurin makaniken da ka yarda da shi ka tambaye shi: amortisar wannan motar da lam ɗinta ana samu a nan, ko sai Kano, ko sai Yamai? Kwana nawa? Motocin Sin irin GWM da JAC suna shigowa da sauƙin farashi da kujeru masu daɗi, wannan tambayar ce za ta raba maka gardama a kansu.

Mataki na bakwai: takardu

Garanti a rubuce, shekara nawa da kilomita nawa, da inda za a riƙa yi mata sabis. Motar da ɗan kasuwa ya kawo daga Dubai tana iya fin araha, amma ka tambayi wakilin kamfanin ko zai karɓe ta in ta samu matsala. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 ta zama ɗaya a jikin mota, a takardar duwan, wato kwastam, da katin mallaka. Kada ka biya sai ka ga shaidar an sallami duwan.

Ranar da za ka karɓe ta, kafin ka kama hanya, ka sake auna iskar tayoyi. Motocin da suka sha tafiyar jirgin ruwa sukan zo da iska fiye da kima, kuma ba kowa ke tunawa ya rage ba. Tawa ma haka na same ta, na sa aka sauke ta zuwa abin da ke rubuce a ƙofa. Sati biyu bayan nan na ɗauki Baba zuwa Tanut, da buhu biyu a baya. Ba mu kai matatar mai ba na duba madubi, na ga carbinsa a cinya, kansa jingine da gilashi, barci ya kwashe shi.