Yadda Ake Tantance Adalcin Rabon Karta a Gasar Birij ta Intanet

Ƙorafin da aka fi ji daga masu buga birij (wasan karta na mutum huɗu, biyu-biyu, kowa da hannu mai kati 13 daga iri huɗu na karta) a intanet shi ne kwamfuta na raba karta da mugunta: wannan hannu babu iri ɗaya gaba ɗaya, wancan kuma kati bakwai iri guda. Yawanci kwamfutar ba ta da laifi. Idon ɗan wasa ne ya saba da cakuɗawar hannu, wadda ba ta cika gauraya karta ba. A 1992 masana lissafi Dave Bayer da Persi Diaconis sun nuna cewa sai an tsarga kati 52 cikin juna kamar sau bakwai kafin su gaurayu sosai, alhali a teburi sau biyu ko uku ake yi a wuce. Katunan da aka tattara bayan wasa suna manne iri-iri, don haka rabon da aka cakuɗa da hannu yakan fito a daidaice fiye da yadda lissafi ya ce. Kafin ka zargi wata manhaja, sai ka ƙirga.

Ka fara da tara rabo. Dandalin birij na Bridge Base Online da makamantansa suna barin ka sauke wasannin da ka buga, galibi a fayil ɗin LIN ko PBN. Ka ɗebi dukkan rabon da ka buga a jere, ba waɗanda suka ƙona maka rai kaɗai ba. Nan ne akasarin masu bincike ke yin tuntuɓe, domin ba wanda ke tuna ranar da karta ta zauna lafiya. Rabo 24 na zama ɗaya ba ya nuna komai. Ka nemi 1,000, in da hali fiye. Ka kuma ware gasannin da aka karkata rabonsu da gangan: akwai gasar da ake bugawa da mutum-mutumi inda kullum ake ba ɗan'adam hannun da ya fi maki, akwai kuma ta gulash da ake zaɓo hannaye masu dogon iri. Waɗannan ƙa'idar gasa ce, kuma ana faɗa tun farko.

Abu na farko da za ka auna shi ne siffar hannu, wato yawan katin da hannu yake da shi a kowane iri, kamar 4-4-3-2. A rabo na gaskiya, 4-4-3-2 na zuwa kashi 21.6 cikin ɗari, 5-3-3-2 kashi 15.5, 5-4-3-1 kashi 12.9, 5-4-2-2 kashi 10.6, sannan 4-3-3-3, wanda mutane ke ɗauka shi ne na kullum, kashi 10.5 kacal. Hannun da ya rasa iri ɗaya ɗungurungum yana zuwa wajen kashi 5. Rabo 24 hannaye 96 ne, ke nan ganin irin wannan hannu har biyar a zama ɗaya ba abin ɗaga gira ba ne.

Na biyu, yadda katunan da suka rage ke rabuwa tsakanin abokan hamayya. Idan kai da abokin wasanka kuna da takwas a iri ɗaya, biyar ɗin da ke waje suna rabuwa 3-2 kashi 67.8, 4-1 kashi 28.3, 5-0 kashi 3.9. Wato kusan sau ɗaya cikin uku rabon zai zo a karkace. Idan shida ne a waje, 4-2 (kashi 48.4) ya fi 3-3 (kashi 35.5) yawa. A nan girman abin da ka tara ke da tasiri: cikin lokuta 100, samun 4-1 tsakanin sau 19 da 37 duk daidai ne. Cikin 1,000 kuwa tazarar na tsukewa zuwa kamar 254 zuwa 311. Sai adadinka ya faɗa can waje, ka sake tara wani sabon 1,000 ya sake faɗawa gefe guda, sannan kake da magana.

Na uku, maki, wato ƙimar da ake ba manyan katuna, ba su da wahala. As huɗu, Sarki uku, Sarauniya biyu, Jak ɗaya, jimilla 40 a duka iri huɗun, kowace kujera goma a matsakaici. A rabo 24, matsakaicin da ya faɗi tsakanin 8.3 da 11.7 ba baƙon abu ba ne. A 1,000 ya kamata ya tsaya kusa da 9.7 zuwa 10.3.

Sai dai ƙirgen nan yana da iyaka, kuma mai shirya gasa ya fi kowa buƙatar sanin haka. Manhaja na iya tsallake duk waɗannan gwaje-gwaje amma a iya hasashen rabonta. Yawan hanyoyin raba kati 52 ga mutum huɗu ya kai 53,644,737,765,488,792,839,237,440,000, wanda ke buƙatar bit 96 (bit shi ne gurbin sifili ko ɗaya a lissafin kwamfuta) kafin a iya zaɓar kowanne. Manhajar da ke tashi daga lambar tushe (lambar da take fitar da duk rabonta daga cikinta) mai bit 32 ba ta da mafari fiye da 4,294,967,296, kuma kwamfutar gida na iya bin su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ga rabon farko zai iya gano tushen, ya karanta sauran tun ba a buga ba. Ɗauko tushen daga agogon na'ura ya fi muni: a 1999 masu binciken tsaro sun fasa rabon wani dandalin wasan karta na foka ta wannan kafa. Saboda irin wannan raunin ne Hans van Staveren ya rubuta manhajar rabo mai suna Big Deal, wadda aka yi amfani da ita a gasar birij ta duniya da aka yi a birnin Mastirik na ƙasar Holan a 2000. Tana zaɓar lamba mai bit 96 ta mayar da ita rabo guda.

In kai ne ke rubuta manhajar, ɗauko lambobinka daga tushen sirri na tsarin kwamfuta, ka cakuɗa da hanyar Fisher-Yates: ka fara daga kati na ƙarshe, ka musanya shi da ɗaya cikin waɗanda ba a tsayar ba tukuna, ka ja baya. Kuskuren da aka saba yi shi ne musanya kowane kati da kowane gurbi cikin 52. Gwada da kati uku ka gani: hanyoyi 27 za su faɗa kan jeri 6, kuma 27 ba ta rabuwa shida daidai, dole wasu jerin su fi wasu fitowa.

Saura zargin cewa mai gasa ya yi ta raba karta har ya samu wadda ta yi masa. Maganinsa shi ne tsarin da manhajar Square Deal ke bi: kafin gasa a wallafa hatimin lissafi na mabuɗin sirrin da za a fitar da rabon daga gare shi (hatimin ba ya tona mabuɗin, amma yana nunawa idan an canza shi), a kuma sanar da wata lambar da ba wanda ya san ta tukuna, kamar sakamakon wata cacar ƙasa na wata rana mai zuwa, wadda za a haɗa da mabuɗin. Bayan an gama a saki mabuɗin, duk mai shakka ya sake fitar da rabon a kwamfutarsa ya gwada da wanda aka buga, kati bayan kati.