Yadda za mu riƙe yaran JSS kar su bar makaranta

Yaro ba ya barin makaranta rana ɗaya. Yau ya yi fashi saboda ranar kasuwa, gobe an koro shi kan kuɗin PTA, jibi ba wanda ya tambaya, shikenan sai ka gan shi a tasha ya zama yaron mota. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatu kyauta ne kuma dole har JSS3, amma doka ba ta zuwa gida ta taso yaro, aikin mu ne 'yan unguwa.

In za ku buɗe wa yaran nan lesin a unguwa don riƙe su, to ku fara da lokaci. Yawancin yaranmu suna islamiyya da yamma, kar ku yi karo da malam, ku je ku gaishe shi a daidaita. Wurare da yawa Alhamis da Juma'a ba a karatu, kun ga kwana biyu kenan a hannu. Aji ɗaya ya isa, a roƙi shugaban makaranta ta hannun SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makarantar, ko a ari zauren mai unguwa. Masu koyarwa kuwa ga 'yan bautar ƙasa da masu NCE da ke zaune.

Ranar farko kar ku ɗauko manhaja. Ku miƙa wa kowane yaro littafin Hausa na firamare ya karanta shi kaɗai, ba a gaban abokansa ba. Wallahi za ku sha mamaki, ɗan JSS2 yana bin layi da yatsa yana haɗa baƙi da ƙyar, kuma shi ne ake zuba wa darasi da turanci tun safe har a tashi, ya za a yi bai gudu ba? Kunya ce ke korarsa. Ku raba su gwargwadon abin da suka iya, masu haɗa baƙi gefe guda, masu karanta jimla gefe guda, lissafi ma haka.

Sai rajista. Wanda ya yi fashin kwana uku a bi shi gida, kuma banda faɗa, "Baba lafiya, kwana biyu ba mu ga ɗanmu ba?" ya isa buɗe magana. In yarinya ce mace ta je, don uwa ba za ta gaya wa namiji cewa rashin audugar mata ko banɗakin da ba ƙyaure ne ya zaunar da ita ba. In talla ce a nemi yadda tallar za ta koma bayan an tashi daga makaranta, tunda da ita ake cefane.

Ku kafa ɗan asusu tun zangon farko saboda yunifom da duk kuɗin da zai taso lokacin BECE, wato jarabawar kammala JSS3, kar sai jarabawa ta zo a fara bin gidaje.