Karatu, Aiki da Matsalar Gida a Zango Ɗaya: Inda Ɗalibai Ke Kuskurewa

Akwai zangon karatun da komai ke haɗuwa wa mutum lokaci guda: lakca da safe, shago ko ofis da yamma, mahaifiya a kwance a asibiti, ga kuɗin haya ya ƙare. Yawancin ɗaliban da irin wannan zango ke kayarwa a jami'o'inmu ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. Wasu 'yan kurakurai ne ke maimaituwa, kuma kusan dukkansu suna da gyara in an tare su da wuri.

Kuskuren yana farawa tun ranar rijista. A tsarin jami'o'in Najeriya, ɗalibi kan ɗauki kiredit (ma'aunin nauyin kwas) 15 zuwa 24 a zango. Mai aiki, ko mai kari-oba (kwas ɗin da aka faɗi ake maimaitawa) biyu a wuya, sai ya cika 24 cif don kada 'yan ajinsu su gama su bar shi. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. A yi lissafi da biro: mako yana da awa 168. Cire 49 na barci, 40 na aiki, 12 na zirga-zirga a adaidaita sahu, 21 na salla, abinci da hidimar gida. Saura 46. In lakca ta cinye 24, awa 22 kawai suka rage na bitar kwas takwas, kuma wannan a makon da ba wanda ya yi ciwo ke nan.

Gyaran shi ne amfani da 'yan makonnin farko da ake buɗe damar ƙara kwas ko ajiye shi. Duba yadda abin yake a maki. A ma'aunin maki 5, A tana da 5, B tana da 4, C tana da 3, F kuwa sifili. Ɗalibi mai kwas shida, kowanne kiredit 3, ya ci B a biyar ya faɗi ɗaya: kiredit 15 sau maki 4 ya ba da 60, a raba da jimillar kiredit 18, GPA ɗinsa, wato matsakaicin makinsa na zangon, 3.33. Da ya ajiye na shidan tun farko, 60 a raba 15 ne, wato 4.00. Kwas ɗin da aka ajiye bisa ƙa'ida ba ya shiga lissafi; wanda aka yi wa rijista aka ƙi zuwa jarrabawarsa, sifili ne da zai bi CGPA, wato matsakaicin makin duk zangunan da aka yi, har ranar kammalawa. Amma kafin ka ajiye, ka zauna da kodinetan ajinku, wato malamin da ke kula da rijistar ajin, domin akwai kwas ɗin da sai an ci shi ake barin mutum ya ɗauki na gaba, kuma kari-oba ake fara sakawa kafin sababbi.

Babban kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne shiru. Kunya da kawaici halaye ne masu kyau, amma a nan suna cutarwa. Ɗalibi zai yi mako uku yana jinya, bai gaya wa kowa a sashe ba, sai sakamako ya fito ya zo yana "Malam, a taimaka". A lokacin malamin ya riga ya miƙa maki, sashe ya zauna a kai, tsangaya ta amince, hannunsa ya ɗaure ko da yana son taimakon. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Wasu kuma suna faɗa, amma da baki, a bakin ofis ko a kan hanyar masallaci. Malamin da ke da ɗalibai ɗari uku ba zai tuna ba, kuma jami'a da takarda take aiki. Abin yi shi ne, cikin kwana biyu ko uku da faruwar abin, ka rubuta wasiƙa gajeriya zuwa ga shugaban sashe ta hannun kodineta. Ta ƙunshi sunanka, lambar rijista, aji, abin da ya faru a layi biyu, ranakun da abin ya shafa, lambobin kwasa-kwasan, da takamaiman abin da kake nema: sake tes, ƙarin mako ɗaya na miƙa jinga, ko uzurin rashin halarta. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka, ka ɗauki hotonsa a waya. In ba za ka iya zuwa ba, ka aiko ɗan'uwa ko shugaban aji.

Takardar asibiti ita ma tana da nata tarko. Jami'o'i da yawa ba sa karɓar takardar asibitin waje sai asibitin makaranta ya tantance ta, kuma akwai wa'adin kawo ta. Takardar kemis ko rasidin magani ba sa wadatarwa. Ka tambayi jami'in jarrabawa na sashenku ainihin ƙa'idar, ko ka duba littafin dokokin ɗalibai da aka ba ka a shekarar farko.

Daga nan sai masu ɓacewa gaba ɗaya. Rasuwa ta faru, ko haihuwa ta zo da tangarɗa, ko mace ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma, wanda ya kai tsawon zango guda, sai mutum ya daina zuwa da niyyar zai dawo in abubuwa sun lafa. Jami'a ba ta san wannan niyya ba. Abin da za ta gani shi ne F a jere, CGPA ya faɗi ƙasa da iyakar da ake sa ɗalibi a gargaɗi, daga nan kora. Alhali akwai hanyar jingine zango ko shekara a hukumance: wasiƙa da hujja, ta bi ta sashe da tsangaya har majalisar jami'a ta amince. Jinkirin shekara ɗaya da takarda ya fi asarar shekara uku nesa ba kusa ba. Kada ka ɗauka an amince har sai ka riƙe amsar a rubuce.

Wani abin da ake rainawa shi ne makin tes da jinga, wanda kan kai 30 ko 40 cikin 100. Wanda ya rasa shi duka a kwas mai 40, ko ya amsa komai daidai a jarrabawa bai wuce 60 ba. Haka ma halartar lakca: makarantu da yawa suna shar'anta kashi 75 cikin 100 kafin a shiga jarrabawa. In lokaci ya ƙure, kada ka raba shi daidai wa daida. Fara da kwas mai kiredit mafi yawa da wanda kake maimaitawa, ka bi tambayoyin shekarun baya na shekara uku zuwa biyar, ka amsa su a rubuce ba tare da kallon handawut ba. Minti 40 bayan sallar asuba kullum ya fi kwana guda ana zaune har gari ya waye.

Karatun kwana shi ke jawo kuskure na gaba. Baligi yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta. Kofi, goro da lemon ƙarin kuzari suna ɗauke da sinadarin da rabinsa ke nan a jiki bayan kimanin awa biyar, don haka wanda ya sha bayan isha'i ya sayar da barcin daren. A tsaya da su daga la'asar. Tiramadol da makamantansa kuwa, waɗanda wasu ke sha wai don jure aiki da karatu, suna iya jawo farfaɗiya da jarabar shan su, kuma ba sa ƙara fahimta ko kaɗan. Satar amsa ma a irin wannan matsi take shigowa, hukuncinta kan kai ga kora, faɗuwa kwas kuwa maimaitawa ce kawai.

A wurin aiki, kuskuren shi ne sanar da maigida ana gobe jarrabawa. Da zarar jadawalin ya fito, ka kai masa kwafi, ka zo da shawararka a shirye: wa zai riƙe maka, waɗanne ranaku za ka rama. Masu aikin gwamnati su nemi hutun jarrabawa a rubuce. A gida ma a zauna a raba kwanan jinya tsakanin 'yan'uwa, kada ɗaya ya ɗauke duka don shi ne babba ko ita ce mace. In kuɗin makaranta ne matsalar, akwai bashin NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai bashin karatu, da aka fara a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati, ba shi da kuɗin ruwa, ana biyan makaranta kai tsaye, kuma ta intanet ake nema. Manhajojin bashi na waya, masu kiran duk lambobin da ke wayar mutum in ya makara, a guje su.

Sai a lura da bambancin gajiya da ciwo. In mako biyu ya wuce mutum yana cikin ƙunci kusan kullum, abin da yake so ya daina burge shi, barci da cin abinci sun rikice, yana karanta shafi ɗaya sau biyar bai riƙe komai ba, wannan ya wuce "ka yi haƙuri". Addu'a da ganin likita ba sa karo da juna. A fara da asibitin makaranta ko sashen ba da shawara na ofishin harkokin ɗalibai. Su za su tura mutum gaba, kamar sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko asibitin tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Wanda tunanin kashe kansa ya fara zo masa, ya gaya wa wani na kusa a ranar, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa ba tare da jiran wayewar gari ba. Takardar da likitan zai rubuta ita ce kuma hujjar da sashe zai karɓa wajen jingine zangon.