Abin sha marar barasa a gonakin inabin Afirka ta Kudu: kurakuran da aka fi yi

Wanda ya bar Cape Town ya nufi gabas, tafiyar kilomita hamsin ce kawai ya iso Stellenbosch, garin da aka kafa a 1679, gaba kaɗan kuma Franschhoek, inda 'yan gudun hijirar Faransa suka zauna a 1688. Yankin ya yi suna ne da giyar inabi, amma a cikin gonakin nan akwai gidajen cin abinci da suke cikin mafiya kyau a ƙasar. Wanda ba ya shan barasa zai ci ya more, matuƙar ya kauce wa wasu kurakurai.

Babban kuskure shi ne yarda da sunan abin sha ba tare da tambayar abin da ke ciki ba. Akwai wani sanannen haɗi da ake kira rock shandy: lemo mai gas, ruwan soda, sai 'yan ɗigo na Angostura, ruwan ɗacin nan mai launin ja-ja da ake sa wa chapman a Najeriya. Mai hidima zai kawo maka shi da zuciya ɗaya a matsayin lemo, alhali Angostura kashi 44.7 cikin ɗari barasa ce. Ɗigo huɗu ko biyar ne, amma suna ciki. Haka wani haɗin mai suna steelworks. Gyaran mai sauƙi ne: ka ce a bar ruwan ɗacin, a matse ɓawon lemon zaƙi a bakin kofin. Man da ke cikin ɓawon zai ba ka ƙamshin da ɗan ɗacin da kake nema.

Kwalba ma sai an karanta. Wadda aka rubuta wa de-alcoholised giya ce cikakkiya da aka zare mata barasa bayan ta nuna, kuma ragowar kan kai kusan kashi 0.5. Malamai sun saɓa a kan hukuncinta, don haka ka yanke shawararka tun a gida, kada ka bari sai kwalba tana gabanka mutane suna jira. Ruwan inabin da bai taɓa tsima ba daban yake, irin su Grapetiser ko wanda gonar ta matse da kanta. Sai dai a kula da sunan hanepoot: sunan wani inabi ne mai zaƙi, ana sayar da ruwansa zalla, ana kuma yin giya mai ƙarfi da shi da wannan sunan. Kombucha, wato shayin da ake tsimawa, da lemon citta na gida su ma tsima su ake yi.

Mutane da yawa sukan tsare kofi su manta da faranti. Wutsiyar sa da ake dafawa a hankali, yawanci da jar giya ake yin romonta. Kayan zaƙi irin su Cape brandy pudding da Dom Pedro da barasa ake haɗa su. Zancen da ake yi cewa wuta tana cinye barasar duka ba haka yake ba: ma'aikatar noma ta Amurka ta nuna cewa bayan minti 15 ana dahuwa kusan kashi 40 yana nan, bayan awa biyu da rabi ma akwai saura kamar kashi 5. Ka tambayi abin da ke cikin romo da miya tun kafin ka zaɓa. Batun nama kuwa, nemi shaidar halal ta hukumomin Musulmin ƙasar, SANHA ko MJC, in babu ka koma ga kifi.

Kuskuren da ya fi ɓata abinci, kuma wanda muka fi so a tsaya a kansa, shi ne zaƙi. Da mutum ya ce ba ya shan giya sai a cika masa kofi da ruwan inabi, wanda kowane mililita 100 yana ɗauke da sukari kusan giram 15. Kofi biyu kafin nama ya iso, ciki ya cika, harshe ya yi nauyi, gasasshen ragon yankin Karoo da aka biya kuɗi mai yawa a kansa ya koma kamar kowane nama. Abin sha a gefen abinci aikinsa ya wanke maiƙo daga baki, loma ta gaba ta zo sabuwa. Abu uku ne ke yin wannan aikin: tsami, bauri, da gas. Wanda ya taɓa shan zoɓo mai ƙarancin sukari a kan tsire ya san abin da ake nufi.

Don nama mai kitse, ga haɗin da kowane mai haɗa abin sha zai iya yi: baƙin shayi mai ƙarfi da ya huce mililita 100, jan ruwan inabi mililita 50, ruwan lemon tsami mililita 10, da ɗan gishiri abin da yatsu biyu suka tsinka. Shayin ne ke kawo baurin. Kada a bar ganyen ya wuce minti biyar a ruwan zafi, in ya wuce ɗaci ne zai danne komai. Wasu kan sa rooibos a madadinsa saboda shi ne shayin ƙasar, daga tsaunukan Cederberg yake fitowa, amma baurinsa kaɗan ne, ba zai iya da kitsen rago ba. Wurinsa yana gaba.

Don kifi, ka tambayi verjuice. Ruwan ɗanyen inabi ne da aka tsinka bai nuna ba, ba a tsima shi, tsaminsa kuma ya fi na lemon tsami laushi. Mililita 40 a cikin ruwan soda mililita 120, da yanka ɗaya na kokwamba, ya isa. Kifin snoek da ake gasawa a shafe shi da jam ɗin afirkot yana da mai da gishiri da zaƙi a haɗe, wannan tsamin ne ke raba su harshe ya ji kowanne. Gidajen abinci da yawa suna da verjuice a kicin don haɗa salak ko da ba ya cikin jerin abin sha, sai an tambaya.

Girkin Musulmin Cape kuma akasin haka yake so. Bobotie, niƙaƙƙen nama da kori da aka gasa da ƙwai da madara a samansa, ana cin sa da shinkafa mai kurkum da zabibi. Gas mai yawa yakan ƙara wa yaji zafi a baki. A nan ɗan zaƙi yana da amfani: rooibos mai sanyi kashi biyu, ruwan tuffa kashi ɗaya, da yanka citta. Idan aka zo kan malva pudding, wanda ke jiƙe da sukari da kirim, a ajiye duk wani lemo a sha rooibos mai zafi ba sukari, bayan an tabbatar ba a sa giya a ruwan da aka zuba masa ba.

Ƙanƙara ƙaramin abu ce amma tana ɓata haɗi. A watan Fabrairu, lokacin girbin inabi, zafi a Paarl, wani garin yankin, yakan haura digiri 35, niƙaƙƙiyar ƙanƙara kuma cikin mintuna kaɗan take mayar da kofi salam. Haɗin da ba barasa dama ba shi da kauri sosai. Ka nemi manyan dunƙule, ka ce a zuba soda a ƙarshe, a juya sau ɗaya.

Sai rashin sanarwa. Manyan gidajen abinci na Franschhoek sukan jera faranti shida ko takwas, kowanne da abin shansa, wasu kuma suna da jeri na musamman marar barasa, amma shayi mai sanyi da ruwan 'ya'yan itace tun da safe ake haɗa su. Lokacin da kake kama teburi, kwana ɗaya ko biyu kafin zuwa, rubuta musu a fili: ba barasa ko ɗigo a kofi, ba a romo, ba a kayan zaƙi, kuma ba naman alade. Idan kun zauna, ka sake faɗa wa mai hidima kafin a kawo burodi.